Farin Yadin Gwaggo Gaji

Kada wani ya ce ƙuruciya ce ta ja Maharazu, don lokacin da abin nan ya faru magidanci ne da gemunsa. Yana da mata, Hassana, mai ɗinki a gida, da 'yarsu Madina, yana kuma aiki a sakateriya a Dutse. Mutum ne mai kunya, irin wanda ko sallama zai yi sai ya gyara murya. Ba ya zaman majalisa, ba ya shiga sabgar kowa. Abu ɗaya ne ya kama shi a duniya, shi ne gem, wasan nan da ake bugawa a talabijin.

Maƙwabcinsa Tagwai ne ya jawo masa. Tagwai Kirista ne, mutumin wajen Minna, ofishinsu ɗaya, katanga ɗaya ce kuma ta raba gidajensu na haya. A shekarun nan da shari'a ta shigo, wani mai shagon gem ya gaji da surutun unguwa, ya sayar wa Tagwai na'urarsa da faya-fayanta a kwali. A cikinsu akwai wani faifai guda wanda ba dambe ba ne, ba ƙwallo ba, ba tseren mota ba. Wani matafiyi ne da jakarsa a baya, kana tura shi yana yawo cikin wata ƙasa da Allah bai halitta ba: garuruwa, dazuzzuka, teku, duwatsu masu aman wuta, ga dodanni suna tare hanya. Rubutun ciki kuwa na mutanen Japan ne, kamar kaji sun yi tono. Ba mai iya karanta ko harafi.

To ka ga mutum a baƙuwar ƙasa, ba ya jin yaren kowa, ai sai ɓata. Tagwai zai fito daga gari, ya sha tafiya, ya yi faɗa da dodo, ya zagayo ya faɗo garin da ya baro.

"Ai nan muka kwana jiya," in ji Maharazu.

"Ba nan ba ne, Malam Maharazu. Wancan yana da rijiya."

"Ga rijiyar can ka tsaya a kanta."

Shi Maharazu tun yana firamare a Taura shi ake kira ya zana taswira a allo. Sai ya ɗauko takarda ya fara bin Tagwai da biro. Tagwai na riƙe da abin dannawa, shi yana zana hanya. Tun da ba su san sunan ko'ina ba, suka yi ta raɗa wa wurare suna da kansu. Akwai Garin Masu Dogayen Huluna, akwai Dajin Kada Ka Waiwaya, akwai Kasuwar Marasa Imani, akwai wani kwazazzabo da Maharazu ya sa wa Inda Tagwai Ke Mutuwa. Asabar da Lahadi bayan La'asar, in an kawo wuta, suna falon Tagwai. Takarda ta ƙare a liƙa wata, har ta zama kamar tabarma mai faci. Ta yage a naɗi, ta sha gumi, ranar nan kuma Dinah, ƙaramar 'yar Tagwai, ta tauna teku guda ta tofar.

"Takarda ba za ta yi ba," in ji Maharazu. "Yadi ya kamata a samu."

Ana cikin haka Gwaggo Gaji ta zo daga Taura. Yayar mahaifinsa ce, ita ta raine shi, kuma da yake sunan mahaifinta ya ci, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai Babana. Yanar ido ce ta rufe mata gani, aka ce ta zo Dutse a yi mata aiki. Tsohuwa ce mai baki, ba ta raga wa kowa. Tana shigowa ta shafa fuskarsa ta ce, "Babana, ka yi kumatu. Ashe gwamnati na ciyar da mutum."

Gwaggo ba ta yarda da asibiti ba. A ganinta wanda aka kwantar aka sa masa wuƙa, tashinsa sai ikon Allah. Saboda haka ta taho da likkafaninta a ƙasan jaka. Ba kuwa kowane likkafani ba ne. Shekarar da ta je aikin hajji da mijinta, Malam Uwaisu, suka sayi farin yadi bandir guda a Makka, suka tsoma shi a ruwan Zamzam, suka shanya a rana. Ba su da almakashi, sai Malam ya ɗan cije bakin yadin da haƙori ya yage shi biyu, rabi nasa rabi nata. Yagar ta tafi a karkace. A rabinsa aka binne Malam, shekaru da yawa ke nan. Nata rabin yana akwati tana jira.

Ɗakin da aka sauke ta yana da laima, sai ta miƙa wa Hassana ƙullin a ɓoye ta ce ta adana mata. Hassana ta gane ko mene ne. Ta sa shi can ƙasan sif, ƙarƙashin yadukan shafi da take ɗinki da su, ta kuma ja bakinta ta yi shiru. Wa zai kawo wa miji zancen likkafani alhali gwaggonsa na jiran wuƙar likita? Shi Maharazu ya san Gwaggo na da irin wannan ajiya, kowa a gidansu ya sani. Amma a saninsa tana Taura cikin akwati, bai kuma taɓa ganinta da idonsa ba.

Ranar da aka kwantar da Gwaggo, Hassana ce ke jinya. Maharazu ya dawo gida ɗaukar musu abinci, ya tuna da zancen yadi, ya buɗe sif yana lalube cikin kayan matarsa. Ya ci karo da wani fari tas, mai kauri, an naɗe shi da kyau. Ya ji wani ɗan ƙamshi a jikinsa, ya ce a ransa turaren Hassana ne. Ya ga bakinsa a karkace, ya ce ai ma ragowa ce, an riga an taɓa. Ya sa almakashi ya yanke abin da zai kai faɗin tabarmar sallah biyu, ya naɗe sauran ya mayar.

Kai, taswirar nan ta yi kyau. Da maka ya zana ta, alƙalamin nan mai kaurin baki, irin wadda ba ta goguwa, shuɗi na ruwa, kore na daji, ja na hanyoyin da dodanni ke tarewa. Ya zana duwatsu kamar na bayan garin Dutse, ɗaya kan ɗaya. Ya zana wani ƙaton dodo mai fukafukai a kusurwa yana hura wuta. Bakin nan da ya karkace kuwa, ya bar masa fari kamar faɗin tafin hannu, ya bi shi da layin shuɗi ya mai da shi gaɓar teku, iyakar inda suka sani. Tagwai ya buga mata ƙusa a bangon falo. Kafin ka ce me, samarin layin sun ji labari, suna zuwa da takardunsu suna kwafa, har da wani daga Kafin Hausa da yake da irin faifan. Maharazu, mutumin da ko a ofis ba a san muryarsa ba, ya zama ana ce masa mai taswira. Yana jin daɗin abin, ba ƙarya.

Aikin Gwaggo ya yi kyau. Aka sallamo ta da bandeji a ido, ta yi kwanaki a gida ana ɗiga mata magani. Ranar da aka ce gobe za a cire bandeji, ta ce ita jibi sai Taura, awakinta na hannun mutane.

"Hassana, ɗauko mini ajiyata in ji ta a kusa."

Hassana ta shiga ɗaki. Maharazu na tsakar gida yana wanke babur ya ji ta kira shi da wata irin murya ƙasa-ƙasa.

"Baban Madina, zo."

Ya tarar da ita tsugune gaban sif da yadin a hannu, tana duban bakin da almakashi ya bi.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Au, ni ne. Na manta ban gaya miki ba. In na shafin wata ne sai in sayo miki wani."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. "Likkafanin Gwaggo ne. Na Makka."

Maharazu ya nemi bakin gado ya zauna. Abin da ya fara faɗo masa a rai shi ne dodon nan mai fukafukai, da irin lokacin da ya ɓata yana gyara masa haƙora.

Hassana ta leƙa ta ce wa Gwaggo kaya sun danne ajiyar, sai an sauke. Shi kuma ya fita ko hula bai sa ba.

Falon Tagwai cike yake. An sauko da taswirar an shimfiɗa a ƙasa don masu kwafa su gani da kyau. Wani ya dafa gwiwarsa a kan Dajin Kada Ka Waiwaya, wani ya ajiye ɓawon gyaɗa a tsakiyar teku.

"Ga mai taswira nan," in ji wani. "Malam, wannan gadar ta ina ake hawanta?"

Maharazu ya wuce shi. Ya ja Tagwai waje ya gaya masa a tsaye, idonsa a ƙasa. Tagwai ya sha zuwa jana'izar abokan aiki, ya san abin da ake nufi. Ya koma ciki ya kashe talabijin ana tsakiyar faɗa, ya ce wa samarin yau an tashi. Da suka watse ya durƙusa ya tsince ɓawon gyaɗar ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe yadin da hannu biyu.

"Ni na buga mata ƙusa," ya ce. "Har huɗu."

Matarsa Mary ta karɓa ta ce a ba ta ta gwada. Ta jiƙa, ta sa sabulu, ta cuɗa har hannunta ya yi ja. Shuɗin ya ɗan yi haske, jan ya bazu ya shiga kore, dodo dai yana nan da haƙoransa. Ta ce akwai wani ruwan cire tabo mai ƙarfi, amma yana cin yadi. Maharazu ya ce a bari. Yana tsaye yana kallon ruwan kumfa na bin kwata, sai ya tuna ruwan da yadin nan ya sha na ƙarshe kafin wannan. Ya kau da kai.

Daga nan kasuwa ya nufa. Ya sayi farin yadi mafi kama da na Gwaggo, dogo, wanda zai kai tsawon na asali. Dabararsa ita ce a naɗe sabon a sa a ledar ajiyar Gwaggo, a shafa masa turare. Tsohuwa mai sabon ido, ina za ta bambance fari da fari?

Hassana ta saurare shi har ya gama. "In ka ce in naɗe, zan naɗe," ta ce. "Amma ranar da ta cika, kai za ka miƙa wa masu wanka. Kai za ka tsaya a kan kabarin kana sane."

Ya tura ledar kasuwar ƙarƙashin gado. Abincin ranar bai ci ba, da Gwaggo ta tambaya ya ce cikinsa ne.

Washegari aka cire bandeji. Suka dawo gida da hantsi, Gwaggo na ta kallon duniya kamar baƙuwa. Ta ce ashe Hassana fara ce, ta ce ashe Madina hancin gidansu ta ɗauko, ta ce wa Maharazu ashe furfura ta fara masa bai faɗa ba. Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa.

"To, ajiyata fa? Ko har yanzu kayan ba su sauku ba?"

Maharazu ya shiga ɗaki. Ya tsaya tsakanin gado da sif, ga leda a nan, ga leda a can. Ya daɗe a tsaye har Madina ta leƙo ta koma. Sai ya ɗauko ragowar na Makka, ya ɗora taswirar a kai, ko gama bushewa ba ta yi ba. Ya fito ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin tabarma ya ajiye.

"Gwaggo, ni na yanka. Ban san shi ne ba. Na ɗauka na ɗinkin Hassana ne."

"Ka yanka ka yi me?"

Ya nuna mata taswirar. Ita ta sa hannu ta warware. Abu na farko ke nan da sabon idonta ya zauna a kai sosai: teku, daji, jajayen hanyoyi, ramukan ƙusa, da dodo a kusurwa. Hassana ta janye Madina suka shige kicin.

"Wace ƙasa ce wannan?"

"Ba ƙasar gaske ba ce, Gwaggo. Ta cikin wasa ce. Na talabijin."

"Wasa." Ta juya kalmar a bakinta. "Kai da wa?"

"Ni da maƙwabcina."

"Yaro ne?"

"A'a. Yana da iyali."

Ta gyaɗa kai. Da ta zage shi da ya ji sauƙi, ya san zaginta tun yana ƙarami, ya san inda yake farawa da inda yake ƙarewa. Amma sai ta sa yatsa tana bin jan layi a hankali.

"Nan fa, me ka rubuta?"

"Garin Masu Dogayen Huluna."

"Nan?"

"Inda Tagwai Ke Mutuwa."

"Allah ya ji ƙansa," in ji ta, ko murmushi babu. "Wannan mai haƙoran fa, da shi za ku sa ni a rami in amsa tambaya?"

Maharazu ya sunkuyar da kai har gemunsa na taɓa ƙirji. Hawaye ya ɗigo a tabarma, bai share ba.

Yatsan Gwaggo ya ci gaba har ya kai bakin nan mai karkata. A nan ya tsaya. Ta shafa zaren da ya tsattsage, ta sake shafawa.

"Nan Malam ya cija," ta ce, ba da shi take ba. "Na ce masa ya karkata, nasa ya fi nawa. Ya ce ai ya fi ni tsawo." Ta riƙe bakin yadin. "Duk shekara in na fito da shi shan iska, nan nake fara dubawa. Da ido ya tafi, sai in laluba."

Can ta ɗaga murya ta ce Hassana ta kawo almakashi. Da hannunta ta bi gefen shuɗin layin, a hankali, ta yanke farin bakin nan da bai sha maka ba, siriri dogo. Ta naɗe shi ta cusa a tsakiyar ragowar. Ta auna ragowar da kamu, ta sake aunawa.

"Ba zai rufe mace ba," ta ce. "Ɗauko wanda ka sayo."

Ya ɗago a firgice.

"Jiya ka shigo da leda tana ƙara, ka wuce ni ba sallama. Ido aka rufe mini, ba kunne ba."

Ya je ya ɗauko, yana ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ta murza yadin tsakanin yatsu ta ce ba laifi, amma bai sha Zamzam ba, ita kuma ba za ta kwanta rabi a jiƙe rabi a bushe ba.

"Alhazai sun kusa dawowa. Ba na son na sayarwa, ban san me aka zuba a ciki ba. Ka bi su gida-gida, kowa ya sam maka a kwalba, har ya isa a jiƙa wannan. In sun tambaye ka na mene ne, ka gaya musu. Kada ka ce na mara lafiya ne." Ta tura masa taswirar da bayan hannu. "Wannan kuma ɗauke mini ita daga gabana. Ta zama taka."

Da zai kai ta tasha washegari, ta ɗora jakar a cinyarta a cikin bas, ta ƙi a sa ta a but. Ta yi wa Hassana addu'a, ta yi wa Madina. Shi kuma ta dube shi ta taga da idon nan sabo ta ce, "Sai ka zo." Ba ta ce Babana ba.

Taswirar tana ƙasan sif inda likkafanin ya taɓa zama. Tagwai bai sake zancenta ba, faifan ma ya mayar kwali. In samarin layi suka hango Maharazu suka ce mai taswira, sai ya ɗaga hannu kawai ya ƙara wa babur wuta.

Bayan Babbar Sallah alhazai suka fara sauka. Ka san yadda ake yi, ana zuwa barka da dawowa, a ba ka dabino, a zuba maka Zamzam a ɗan ƙaramin kofi ka kurɓa ka yi addu'a. Ba a zuwa da kwalba. Maharazu ya wanke tasa, ya sa a aljihun babbar riga, ya fara da gidan Alhaji Falalu, wani dattijo a bayan layinsu. Zauren cike da 'yan barka, har da mutanen ofishinsu biyu. Aka miƙo masa kofi, ya karɓa, bai sha ba. Ya zaro kwalbar, ya fara juyewa a ciki. Hira ta tsaya.

"Malam Maharazu, lafiya?" in ji Alhaji Falalu. "Wani ne ba lafiya a gida?"

Ga hanya an buɗe masa, in ya ce e an wuce wurin. Ya dubi ɗan ruwan da ko gindin kwalbar bai rufe ba, ya tuna yawan gidajen da ke gabansa.

"A'a, Alhaji," ya ce. "Kowa lafiya. Likkafanin gwaggona ne na ɓata."

Ya gyara durƙuso, ya fara ba su labari tun daga faifan.